Wushiryar Nuriyya

Da kunne Atika ta fara gane abin, tun kafin idonta ya gani. Tana zaune a ƙofar ɗaki bayan la'asar tana tsinke zogale, 'yarta Nuriyya kuma tana daga ciki tana tilawa, don gasar karatun Alƙur'ani ta makarantun Islamiyyar unguwarsu ta matso. Yarinyar ta zo kan wata aya mai yawan harafin sinun, sai Atika ta ji wani siririn fito yana biyo bayan harafin, kamar iska ta sami kafa a jikin taga. Hannunta ya tsaya cak a cikin faranti. Ta san fiton nan. A nata bakin ta fara jin sa, tun Nuriyya tana goye.

Atika 'yar Dundaye ce, gidan manoma, aure ne ya kawo ta Runjin Sambo. Tana budurwa ta sauke, kuma saboda kyan karatunta aka ba ta ajin ƙananan yara tana biya musu. Ba ta yaye Nuriyya ba haƙoranta na gaba suka fara girgiɗi. Ba tsutsa, ba wani ciwo na a zo a gani. Haƙori fari tas, sai dai dasashi ya yi ta jini, ya yi ta ja da baya, wata rana mutum yana cin tuwo ya tsinci haƙorinsa a cikin loma. Haruffan da ake fitarwa daga bakin haƙora suka gagare ta, yara suka fara ƙunshe dariya, ita kuwa ta ajiye koyarwa ta kama ɗinkin hula a cikin gida. Tun daga lokacin ba ta dariya sai da gefen mayafi a baki.

Ba a kanta aka fara ba. Mahaifiyarta, Inna Kulu, ba ta kai arba'in da haƙori ko ɗaya ba, haka ma mahaifin Inna Kulu, Malam Illo. Har karin magana ake yi da su a dangi, ana cewa haƙoran gidan Illo ba su raka mutum tsufa.

"Ke, taho nan," in ji Atika. Nuriyya ce 'yar fari, ba ta kama sunanta.

Yarinyar ta fito da Alƙur'ani rungume a ƙirji. "Mi na yi, Mama? Na ɓata ne?"

"Ba ki ɓata ba. Juyo wajen haske, buɗe bakinki in gani."

Ga wushirya nan tsakanin haƙoran sama, wadda 'yan ajinsu suke ta yaba mata tun bara. Atika ta tuna da kyau, ba da ita haƙoran suka fito ba. Ta wanke yatsa ta taɓa haƙorin dama. Ya motsa. Kaɗan ne ƙwarai, amma ya motsa.

"Kina ganin jini in kin yi asuwaki?"

"Wani lokaci. Ai ba ya ciwo."

Atika ta ce ta koma ta ci gaba da karatunta. Ta zauna ta tasa zogalen a gaba, ta kasa tsinkar ko ganye ɗaya. Shekarun yarinyar sha biyar. Ita sai da ta wuce ashirin abin ya taso mata.

Da maigidanta Sodangi ya dawo daga shagonsa na gyaran fanka ta gaya masa. Bai tsaya dogon tunani ba ya ce a kai ta asibiti.

"Asibiti mi za su yi ma gado, Malam? Ni da na tai, ba cire mani sunka yi ba? Kowane zuwa sai in dawo da sabon giɓi."

"Ke sai da sunka gama lalacewa kinka tai," in ji shi. Amma bai matsa ba, don ya ga yadda idonta ya kawo ruwa.

Sai ta koma ga abin da ta gada. Ta dafa bagaruwa, ta daka kanumfari, ta sa yarinya kuskurar baki da ruwan gishiri safe da yamma. Jinin yakan lafa kwana biyu ya dawo.

Gidan da suke haya sassa biyu ne, famfo ɗaya. A ɗaya sashen akwai Luka, malamin sakandare, da matarsa Esther da 'yarsu Favour. Mutanen Filato ne, amma sun daɗe a Sakkwato har Esther ta iya cinikin kasuwa da harshen gari. Ma'aikaciyar asibiti ce, a sashen haƙori. Atika ta san haka sarai, shi ya sa ma duk zaman mutuncin da ke tsakaninsu, da musayar abincin Sallah da na Kirsimeti, ba ta taɓa yarda ta saki baki a gabanta ba.

Wata Asabar da hantsi Esther ta fito ɗibar ruwa ta tarar da ita tana tace jiƙon bagaruwa a kofi.

"Maman Nuriyya, wa ke fama da baki? Mako biyu ke nan ina jin ƙamshin kanumfari ta katanga."

Atika ta so ta ce ba kowa. Sai ta tsinci kanta tana ba da labarin duka, tun daga Malam Illo har zuwa kan haƙorin da ya motsa a ƙarƙashin yatsarta. Esther ta ajiye bokiti, ta kira Nuriyya, ta sa ta ɗaga leɓe, ta duba gaba ta duba can ciki wajen turame. Ba ta taɓa komai ba. Da yarinyar ta koma ɗaki sai ta juyo.

"Bakin yarinyar nan a wanke yake tas, kin gani ai. Wannan ba ciwon ƙazanta ba ne. Ki kawo ta Litinin, likitarmu ta duba ta. Ke ma ki shirya a duba ki."

"Ni kuma mi ya rage a duba?"

"Sauke mayafin in gani."

Atika ta kama gefen mayafin. Sannan ta sauke. Esther ta leƙa ba tare da ta canja fuska ba, ta ce, "Ai da saura da yawa. Wa ya ce miki sun ƙare?"

Ranar Litinin Atika da Nuriyya da Esther suka shiga keke napep, Sodangi ya rufe shago ya biyo su a babur. Likitar mace ce, Dokta Adawiyya, doguwa mai magana a hankali. Ta kwantar da Nuriyya a kujera, ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai zane-zane tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi, tana faɗa wa Esther abin da ta samu. A yawancin wurare ƙarfen bakinsa kawai ke shiga. A gaba, da wajen turamen farko, sai ya nutse har Atika ta kau da kai. Aka tura su ɗaukar hoton ƙashi. Da hoton ya fito likitar ta kira iyayen kusa, ta ɗaga shi a haske.

"Malama, kin ga nan? Haƙori kamar turke yake, ƙashi ne ƙasar da aka kafa shi a ciki. A nan ƙasar ta cika har wuya. A nan kuma dubi yadda ta zaizaye. Shi ya sa haƙoran suka fara rabuwa, har aka sami wannan wushirya."

"Gado ne, likita," in ji Atika, murya ƙasa-ƙasa. "Haka gidanmu yake."

Ta zaci za a yi mata dariya, ko a ce camfi ne. Sai likitar ta jawo kujera ta zauna ta ce ta faɗa mata waye da waye a gidan, kuma suna da shekara nawa abin ya kama su. Ta saurara har ƙarshe.

"Gaskiyarki, akwai gado a ciki," in ji ta. "Amma rabin maganar ke nan. Ba faɗuwar haƙori ake gada ba. Kowa yana da ƙwayoyin cuta a bakinsa, ni da ke da kowa, kuma jiki yana da dakarun da ke tsare shi daga gare su. A wasu gidaje, yadda jiki ke wannan faɗan ne ya bambanta. Ko dai ya kasa korar ƙwayoyin, ko ya yi faɗan da zafi har ya rushe ƙashin da yake karewa. Wannan shi ake gada. Ɗaya rabin kuwa ƙwayoyin ne da kansu. Akwai masu tsananin ɓarna a cikinsu, kuma sukan zaga cikin gida ɗaya ta hanyar yawu. Cokali ɗaya, asuwaki ɗaya, ko a tauna wa jariri abinci a ba shi. In wannan jiki ya haɗu da waɗannan ƙwayoyi, shi ne ake ganin abin da kika gani."

Duk uwar da Atika ta sani tana tauna wa ɗanta nama. Likitar ta lura da fuskarta.

"Kada ki ɗora wa kanki komai. Haka aka raine mu duka, ni ma haka aka yi mini. Abin da nake so ki riƙe shi ne, jinin da ta gada ba mu iya canja shi, amma ƙwayoyin muna iya fatattakar su. Kuma kun zo da wuri."

"To haƙoran za su tsaya?" Sodangi ne ya tambaya.

"Ba zan yi muku alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Ƙashin da ya tafi ba lalle ya dawo duka ba. Amma in an yi aikin, ta kuma riƙa zuwa ana dubawa, ina kyautata zaton za ta tsufa da su."

Za ta tsufa da su. Atika ta riƙa juya maganar a ranta har suka fito bakin titi, kamar wadda aka damƙa wa ƙwai tana tsoron kada ya suɓuce.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Esther ce ta yi shi da hannunta, ɓangare-ɓangare. A yi wa yarinya allurar kashe zafi, a kankare tushen haƙoran can ƙarƙashin dasashi inda buroshi ba ya kaiwa, a wanke. Aka haɗa ta da ƙwayoyin magani iri biyu, ɗaya mai ɗaci da ke sa ta tashin zuciya, aka kuma ja kunnenta kada ta tsallake ko sau ɗaya. Bakinta ya yi tsami, ko ruwan randa ta sha sai ta runtse ido. Gasar da ta daɗe tana shiryawa ta zo ta wuce tana gida tana shan kunu. Ta yi kuka ranar, ta ce da an bar ta da wushiryarta ai ba ta dame ta da komai ba. Atika ba ta yi mata faɗa ba. Ta zauna gefen katifa, ta buɗe nata bakin sosai, karo na farko a gaban 'yarta, ta ce, "Duba da kyau. Ni ma ba ta dame ni ba sa'ad da ta soma." Nuriyya ta duba, ta share hawaye, ta miƙa hannu ta ɗauki maganin.

An duba ƙannenta biyu maza, ba a ga komai ba, amma aka ce a riƙa kawo su. Aka raba wa kowa buroshinsa da kofinsa. Ita Atika an auna ta ko tana da ciwon suga, don an ce yana ƙara wa abin ƙarfi, aka tarar babu. Biyu daga cikin haƙoranta sun riga sun wuce gyara, aka cire su, sauran aka yi musu irin aikin da aka yi wa Nuriyya. Daga baya aka auna bakinta aka yi mata na roba masu cike giɓin gaba. Makon farko ji take kamar ta cusa tsakuwa a baki, tana magana yawu na tsartuwa, Sodangi yana kau da kai don kada ta ga murmushinsa.

Da suka koma dubawa bayan 'yan watanni, ƙarfen nan mai zane bai nutse kamar da ba, kuma bai fito da jini ba. Haƙorin dama ya daina motsi. Wushiryar tana nan, sai malaminsu na Islamiyya ya koya wa Nuriyya inda za ta riƙa ajiye harshe, karatunta ya daidaita. Dokta Adawiyya ta yaba, sannan ta juyo ga Atika.

"Kin ce kina da wa a Dundaye. 'Ya'yansa fa?"

Nan ne gizo ke saƙa. Atika ta san halin yayanta Gazali. Mutum ne mai kirki, mai taurin kai kamar ƙotar fartanya, kuma bai yarda da duk abin da zai sa a ambaci gidansa a bakin duniya ba. Ta yi ta ɗaga tafiyar. Sai da Esther ta ce mata, "Ciwon nan ba ya jiran kowa ya shirya, Maman Nuriyya," sannan ta ɗaura niyya.

Ta tarar da shi ya taso daga fadama, ƙafafu duk taɓo, yana wanke su a bakin rijiya. Lokacin dashen shinkafa ne. Inna Kulu tana kan tabarma a gindin dalbejiya tana shan farau-farau. Bayan gaisuwa Atika ta zayyana musu komai, yadda likita ta faɗa, iyakar abin da ta riƙe. Gazali ya saurara yana ƙwaƙular haƙori da tsinke. Shi ma na ƙasa sun fara yi masa tsawo, ga sigari da ba ya rabuwa da ita.

"To yanzu mi kike so a yi?"

"Ka ba ni ɗiyanka in kai su a duba, Yaya. Kai ma ka tai."

"Wane ne ba shi da lahiya cikinsu? Kowa na cin tuwo nai. Ki ɗebe su reras zuwa asibiti, gari duka ya gani, gobe a ce gidan Gazali akwai cutar gado. Ɗiya mata gare ni huɗu, Atika. Wa za ya zo neman aurensu?"

"Ai gari ya riga ya sani. Karin magana ake da mu."

"Karin magana daban, takardar likita daban. Abin da Allah Ya rubuta ma mutum ba ya wuce shi. Kakanmu ya rayu haka, Inna ga ta nan, mi ya same ta?"

Inna Kulu ta ajiye ƙwarya. Tsohuwa ce da ba ta cika sa baki a maganar 'ya'yanta ba, shi ya sa da ta yi gyaran murya dukansu suka juyo.

"Mi ya same ni, kac ce? Bari in hwaɗa maka, tunda ba ka taɓa tambaya ba. Kai kaka yanka ragon layya a gidan ga duk shekara. Ka taɓa ganin na ci tsoka guda? Romo nika sha, in ce maka na ƙoshi. Rake da kuka sha da kaka, gujiya, goriba, ni sai dai in ji ƙamshi. Ranar da anka ɗaura maka aure, anka zo da mai hoto, ina na shiga? Bayan ɗaki. Ubanku, Allah Ya ji ƙan shi, bai taɓa goranta mani ba, amma ina da shekarun ƙanwarka ga yara ke ce mani tsohuwa a hanyar rijiya. Na yi haƙuri don an ce mani babu magani. Yanzu an ce akwai, kai kuma kana batun bakin mutane. Allah da Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani. Ka ba ta yaran."

Gazali ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "A bari a gama dashe."

"Dashe ba da baki aka yin shi ba," in ji tsohuwa. "Ta tai da mata da ƙanana tukuna, manya su bi baya."

Haka aka yi. Atika ta riƙa zuwa tana ɗibar su biyu-biyu, uku-uku, Esther tana karɓar musu kati tun da safe don kada su yini a layi. 'Yan matan nan huɗu da ubansu yake jin tsoro a kansu, ba a sami komai a bakinsu ba sai datti da aka wanke. Wanda abin ya kama shi ne wanda ba a taɓa zato ba, babban ɗansa Siddiƙu, saurayi ɗan shekara sha bakwai, ƙaƙƙarfa, mai fasa rake da haƙori ana tafa masa. Gabansa lafiya lau a ido. Hoto ne ya nuna ƙashin turamensa ya ci rabi, ɗaya ma har ya tara mugunya a ƙarƙashi. Dokta Adawiyya ta ce a kira uban.

Gazali ya zo da hularsa ta zuwa Juma'a. Aka ɗaga masa hoton a haske kamar yadda aka yi wa ƙanwarsa. Manomi ne, ya san zaizayar ƙasa, ba a sha wahalar yi masa bayani ba. Tambaya ɗaya ya yi: da an bar shi fa? Likitar ta ce da wuya turamen su kai shi aure. Ya gyaɗa kai. Ba a roƙe shi ba ya cire hula ya hau kujerar da kansa. Shi nasa ya yi nisa, an ceto wasu an rasa wasu, kuma aka gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa muddin yana busa sigari aikin banza ake yi. Ya bari, ya koma, ya sake bari. Turmi ɗaya Siddiƙu ya rasa, sauran suka tsaya.

Atika takan zauna wani lokaci da hula a hannu, allura a tsaye, tana lissafa yadda abin ya zo. Da ba famfo ɗaya suke sha da Esther ba. Da likitar ta yi mata dariya ranar da ta ce gado ne, da ba ta sake komawa ba. Da Inna ta yi shiru yadda ta saba. A sujada ba ta da wata doguwar addu'a a kan wannan, godiya ce kawai take maimaitawa, sai kuma ta roƙa wa matan nan biyu, Esther da likitar, alheri, kowace da sunanta. Ta rasa abin da za ta yi wa Esther. Ta ɗinka wa Luka hula, aikin wata guda, zare mai kyau, ya karɓa da murna yana sawa zuwa coci. Duk da haka tana ganin ba ta yi komai ba.

Bayan an yi girbi, wata Lahadi da yamma, sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Gazali ne da Siddiƙu, da buhun shinkafa sabuwar sussuka, da kwandon albasa, da zabi biyu a ɗaure. Atika ta fito da murna tana cewa a shigo da su nan. Gazali ya ce ba nata ba ne. Ya sa Sodangi ya yi masa sallama da maigidan ɗaya sashen.

Luka ya fito, aka gaisa, ya shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Esther ta leƙo tana goge hannu a zane, ta ga kayan, ta riƙe haɓa.

"Baban Siddiƙu, wannan duka na mene ne? Ai aikina na yi, ana biyana albashi a kai."

"Albashi na asibiti ne," in ji Gazali. "Bakin famfo ba asibiti ba ne. Wagga shinkafa daga gonar da yaron ga ya dasa da hannu nai ta hito. In kin ƙi ta, shi kinka ƙi."

Esther ta dubi Atika, Atika ta ɗaga kafaɗa, alamar ba ruwanta. Sai ta durƙusa ta yi godiya, ta ce amma zabuwa ɗaya a nan za a yanka ta a ci tare, kuma Sodangi ne zai yanka don kowa ya ci. Aka yi dariya. Favour da Nuriyya suka ɗora ruwan zafi, Siddiƙu ya shiga da buhu har cikin kicin.

Ana jiran abinci Gazali ya matso kusa da Luka, ya rage murya, amma Atika tana jin sa daga inda take yanka albasa.

"Malam Luka, akwai ɗiyan ƙanen Innarmu a wani ƙauye gaba da mu, su ma jikokin Illo ne. Gida ukku. Na tai na yi masu magana, sun ce sai sun ga wadda ta duba mu da idonsu. Ko kana ganin Maman Favour za ta yarda in zo da mota wata Asabar?"

"Ga ta nan ai, tambaye ta," in ji Luka.

"A'a, kai ne maigida. Ta hannunka ya kamata a bi."

Esther ta amsa daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba. "Ina jin ku. Asabar mai zuwa muna da biki a coci, ta sama ta fi. Amma ku sani ba a wurin zan yi musu aiki ba, dubawa kawai zan yi, wanda na ga alama sai ya zo wurin likita. Kuma da Maman Nuriyya za mu tafi. Ita za ta yi musu bayani, sun fi jin nata."

"Ni?" in ji Atika. "Mi na sani?"

"Kin san abin da ya fi nawa. Ni karantawa na yi."

Atika ta ci gaba da yanka albasa, idonta yana ruwa. Ta ce to, Allah Ya kai mu, amma a tashi da wuri, don hanyar can ba ta da kyau, kuma mutanen suna fita gona da sassafe.